Marayun Waƙa: Mark Heard da Waɗanda Suka Ɗauki Kayansa

Ranar 4 ga watan Yuli na shekarar 1992, ranar da Amurkawa ke bukin tunawa da samun ƴancin ƙasarsu, wani mawaƙi mai suna Mark Heard ya hau bisa dandamali cikin wata gona kusa da ƙaramin garin Bushnell, a jihar Ilinoyi. Shekararsa 40 da haihuwa. Tare da shi akwai abokan sana'arsa biyu, Pierce Pettis da Kate Miner, suna kama masa waƙa. Ana tsakiyar wasa sai ciwon zuciya ya buge shi. Bai sauka ba sai da ya kai waƙoƙinsa ƙarshe, sa'annan aka wuce da shi asibiti. Bayan ƴan kwanaki aka sallame shi, kamar an tsallake. Ba a jima ba zuciyar ta tsaya, ranar 16 ga watan Agusta ya rasu. Ya bar mata da ƴa ƙarama. Ya bar kuma tarin waƙoƙi waɗanda, in aka cire ƴan uwansa mawaƙa da tsirarun masoya, duniya ba ta san da zamansu ba.

Mutum in ya rasu, an san yadda ake yi da gonarsa da gidansa da dabbobinsa: magada su zauna, a ƙirga, a raba. Waƙa kuwa gado ce mai wuyar sha'ani, domin ba ta zama cikin rumbu. In ba a sami bakin da ke rera ta ba, ko kunnen da ke neman ta, sai ta bi mai ita kabari ko da tana nan kwance bisa faifai. Pierce Pettis, wanda ke tsaye kusa da Heard a wannan rana, ya ga farkon abin da idonsa. Abin da shi da sauran abokan marigayin suka yi cikin shekarun da suka biyo baya shi ne maƙasudin wannan rubutu, domin a cikinsa akwai amsar wata tambaya da ta shafi duk mai hulɗa da fasaha: mene ne haƙƙin mai waƙa bisa waɗanda ya bari?

Taron da aka yi wannan wasa sunansa Cornerstone. Wata jama'ar Kirista da ke zaune wuri guda a birnin Shikago, mai suna Jesus People USA, ita ta fara shirya shi a 1984, ta maida shi gonar Bushnell a 1991, aka ci gaba da yin sa kowace shekara har 2012. Dubban matasa ke zuwa su kafa tantuna, su kwana da wuni suna sauraren makaɗa. Irin kiɗan da ake yi a wurin ya samo asali tun ƙarshen shekarun 1960, sa'ad da wasu samarin Amurka da suka gaji da shaye-shaye da yawon banza suka koma ga addinin Kirista, amma suka ƙi rabuwa da jita da gangunan rok. Faifan Larry Norman na 1969, Upon This Rock, shi ake yawan ambata a matsayin na farko. Fastoci da yawa sun yi tir da abin, suna cewa kiɗan shaiɗan ne aka shigo da shi majami'a. Duk da haka, kafin shekara goma sha biyar abin ya zama kasuwa mai zaman kanta, da kamfanoninta, da gidajen radiyonta, da shagunan littattafan addini inda ake sayar da kaset da faifai.

Cikin wannan kasuwa Mark Heard ya sami kansa. An haife shi ranar 16 ga Disamba 1951 a garin Macon na jihar Jojiya. Ya yi karatun aikin jarida a Jami'ar Jojiya, ya gama a 1974, daga nan ya tafi ƙasar Suwis, wani gida cikin duwatsu mai suna L'Abri, wato mafaka, wanda Francis Schaeffer da matarsa suka buɗe a 1955 domin matasa masu tambayoyi game da imani. Koyarwar gidan ita ce mai bi bai kamata ya ji tsoron tambaya ba, kuma fasaha tana da darajarta ko da ba wa'azi take yi ba. Larry Norman ya ji waƙoƙinsa, ya ɗauke shi cikin kamfaninsa na Solid Rock, Heard ya ƙaura zuwa Kalifoniya a 1977, faifansa Appalachian Melody ya fito a 1979. Tsakanin 1981 da 1985 ya fitar da fayafayai biyar a wani kamfanin Kirista mai suna Home Sweet Home.

To amma kasuwar tana da abin da take so, shi kuwa yana da abin da yake iya faɗa. Gidajen radiyon addini sun fi son waƙa mai saƙo a fili, wadda ke ƙarewa da nasara da farin ciki. Heard yana waƙar gajiya, da shakka, da mutumin da ya yi addu'a bai ji amsa ba, da maƙwabcin da aka manta. Cikin takardun da ke rakiyar fayafayansa yakan yi dogon rubutu yana sukar yadda aka maida bangaskiya hajar sayarwa. Su kuwa manyan kamfanonin waje, da zarar sun ga sunansa ya fito daga shagon littattafan addini sai su kau da kai. Ya zama tamkar jemage, tsuntsaye sun ce ba nasu ba ne, dabbobi ma haka. Shi da kansa ya san matsayinsa, tun a 1981 ya yi waƙa a kai mai suna Stuck in the Middle, ma'ana wanda ya maƙale a tsakiya. Abincinsa ya fi fitowa daga aikin tsara fayafayan wasu cikin ƙaramin situdiyonsa. Shi ya tsara Tinseltown na Pierce Pettis a 1991, kuma tare da Peter Buck na ƙungiyar R.E.M. suka tsara Killing Floor na Vigilantes of Love a 1992.

Da ƙofofi suka ƙi buɗuwa, sai shi da abokansa Dan Russell da Chuck Long suka kafa ɗan kamfaninsu, Fingerprint. A nan ya fitar da fayafayai uku a jere: Dry Bones Dance a 1990, Second Hand a 1991, da Satellite Sky a 1992. Masu nazarin aikinsa kusan bakinsu ɗaya cewa waɗannan uku su ne ƙololuwar fasaharsa. A na ƙarshen, yawancin waƙoƙin ya kaɗa su ne da wata tsohuwar mandolin, ƙanwar jita ke nan, mai sauti da kaifi. Kamfanin ƙarami ne, ba shi da ƙarfin kai haja manyan shaguna. Amma labari ya fara kaiwa inda ake so: ana cikin maganar yarjejeniya da True North, kamfanin ƙasar Kanada da ke fitar da waƙoƙin Bruce Cockburn, wadda da ta tabbata da waƙoƙinsa sun kai kunnen jama'a mai yawa. Ana cikin haka ajali ya riga.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi cikin shekarun 1990, ta faifan karramawa. Mawaƙa daban-daban ke haɗuwa, kowane ya ɗauki waƙa guda daga cikin na wanda ake son girmamawa, ya sake rera ta da muryarsa da salonsa, a tara su bisa faifai guda. Abokan Heard sun bi wannan hanya. A 1994 Fingerprint tare da Myrrh, wani babban kamfanin kiɗan Kirista, suka fitar da Strong Hand of Love. Cikin waɗanda suka sa murya akwai Bruce Cockburn, wanda ya rera waƙar da aka raɗa wa faifan sunanta, da Phil Keaggy, da Randy Stonehill, da Victoria Williams, da Rich Mullins, da Buddy Miller da matarsa Julie, da kuma Pierce Pettis. Wasunsu taurari ne cikin majami'u, wasu kuwa ba su taɓa dogara da wannan kasuwa ba. Bangarorin nan biyu da suka ƙi haɗuwa domin su ba shi wurin zama yana raye, sai ga su bisa faifai guda bayan ransa. Faifan ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa domin lambar Grammy ta 1995 a rukunin rok na bishara, ƙungiyar Petra ce ta ɗauke ta.

Kada mai karatu ya ɗauka abin yabo ne kawai, akwai lissafin kuɗi a ciki. Dokar Amurka ta raba haƙƙi gida biyu: na wanda ya tsara waƙa, da na wanda ya ɗauki muryar bisa faifai. Duk wanda ya sake rera waƙar wani ya sayar, tilas ya biya mai waƙar wani kaso bisa kowane kwafi. A 1994 kason da doka ta yanke santi 6.6 ne kowace waƙa, alhali santi 100 ke yin dalar Amurka guda; a 1996 ya koma santi 6.95. Ke nan a 1994 faifai mai waƙa goma yakan kawo wa mai waƙoƙin santi 66, wanda galibi yake rabawa da kamfanin da ke kula da haƙƙinsa. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, sai in an sayar da dubbai. Amma haƙƙin ba ya mutuwa da mai shi, yana komawa ga magada. Saboda haka duk mawaƙin da ya ɗauki waƙar marigayi ya sa cikin faifansa, ya buɗe wa gwauruwa da marayu wata ƴar ƙorama da za ta riƙa ɗiga muddin ana saye.

Shekara biyu bayan haka, a 1996, Fingerprint ta faɗaɗa aikin ya zama faifai biyu masu waƙa 34, da yawa daga na farkon suna ciki, aka ƙara sabbi. Cikin sabbin muryoyin har da Olivia Newton-John, wadda tun 1988 ta rera wata waƙar Heard cikin faifanta The Rumour. An keɓe ribar domin asusun iyalin marigayin. Sunan da aka ba wannan kundi, Orphans of God, wato marayun Allah, sunan wata waƙarsa ce ta faifan ƙarshe, wadda ke magana bisa mutanen da ke jin an bar su su kaɗai a duniya. Duk wanda ya riƙe kundin a hannu zai ga sunan ya hau kan wasu marayun: yarinyar da aka bari, da su kansu waƙoƙin da mai su ya tafi tun ba su yi ƙafa ba.

Akwai zargi da ake yi wa irin waɗannan fayafayai, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Na farko, ihu ne bayan hari. Mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana neman kunne bai samu ba, sai da ya kwanta dama aka tuna gwani ne. Kasuwar da ta ƙi sa waƙarsa a radiyo ita ce ta buga faifan tunawa da shi, kuma rukunin Grammy da aka sa shi ciki na gidan da ya yi ƙoƙarin fita ne. Na biyu, mamaci ba ya gardama. Yana raye yana da harshe mai kaifi, yana iya cewa ba haka nake nufi ba. Da ya rasu kowa na iya gyara shi yadda yake so, a zaɓi waƙoƙi masu taushi, a rage ɗacin masu ɗaci. Na uku, tauraro yakan rufe mai waƙa. Matashin da ya sayi faifan saboda sunan wanda yake ƙauna yana iya haddace waƙar har ya tsufa bai taɓa duba wanda ya tsara ta ba. Babu ɗaya cikin ukun nan da za a ce ƙarya ne.

Abin da ke ƙara wa zargin farko nauyi shi ne an nuna ana iya yin abin tun mutum na da rai. Victoria Williams, wadda ta sa murya cikin faifan 1994, ita kanta an yi mata irinsa shekara guda kafin nan. Ta kamu da cutar jijiyoyi da ake kira sclérose en plaques da Faransanci, ba ta da inshorar lafiya, a ƙasar da kuɗin asibiti ke iya cinye gida da abin da ke cikinsa. A 1993 manyan mawaƙa irin su Lou Reed da ƙungiyar Pearl Jam suka rera waƙoƙinta cikin faifai mai suna Sweet Relief, aka biya mata magani, daga nan kuma aka kafa asusu mai wannan suna domin sauran makaɗa marasa lafiya. Shi ma Larry Norman, wanda ciwon zuciya ya buge a 1992 amma ya tashi, an yi masa faifan One Way a 1995, ya ji shi da kunnensa, bai rasu ba sai 2008. Su biyun nan cuta ta ba abokansu lokaci. Heard kuwa mako shida kacal ya yi tsakanin dandamali da kabari.

Duk da haka, da babu gara ba daɗi. Yawancin waɗanda suka haɗu a 1994 ba su ne masu riƙe da mabuɗin kasuwa ba. Mawaƙa ne irinsa, waɗanda ya zauna da su cikin situdiyo dare da rana yana gyara musu sauti, da yawansu su ma ƙanana ne a idon kamfanoni. Abin da suke da shi murya ce, ita suka bayar. Bruce Cockburn, wanda masu bin kiɗan Sahel za su iya tunawa da zuwansa ƙasar Mali inda ya yi kiɗa da Ali Farka Touré da Toumani Diabaté cikin wani fim bisa gurgusowar hamada, bai tsaya ga rera waƙar Heard ba: ya tsara tasa ta makoki, Closer to the Light, ya sa cikin faifansa na 1994. Irin wannan taro ya fi kama da zaman makoki. Ba ya dawo da wanda ya tafi, kuma ba wanda ya taɓa cewa a daina zuwa gaisuwar mutuwa domin an makara wajen dubiya. Ana zuwa, a zauna, a kawo abin da ya sawwaƙa, iyali su ga ba su kaɗai ba ne. Sai dai zaman makoki yana da ranar tashi.

Ɗaya daga cikin masu zaman nan bai daɗe ba shi ma aka zauna nasa. Rich Mullins ya bambanta da Heard ta fuskar kasuwa, domin waƙarsa Awesome God ta 1988 ta shiga majami'u a ƙasashe da yawa. Amma dukiyar ba ta zauna hannunsa ba: ya sa a riƙa ba shi daidai albashin talakan ma'aikaci, saura a bayar, kuma daga 1995 ya koma zama cikin yankin ƙabilar Nabaho a jihar Niyu Meksiko yana koya wa yara kiɗa. Waƙar Heard da ya rera ya riga ya sa ta cikin faifansa na 1993. Ranar 19 ga Satumba 1997 ya rasu a haɗarin mota, shi ma cikin jihar Ilinoyi, yana da shekara 41, bisa hanyarsa ta zuwa wani wasan tara gudummawa. Kwana tara kafin nan ya shiga wata tsohuwar majami'a da aka daina amfani da ita, ya ɗauki sabbin waƙoƙinsa da ƙaramar rakoda mai kaset. Ƴan ƙungiyarsa suka ɗauki kaset ɗin, suka sake yin waƙoƙin a situdiyo, suka fitar da duka biyun tare a 1998 da sunan The Jesus Record, domin mai saurare ya ji muryar mai abin da kuma ta magada. Cikin wannan shekara aka yi masa nasa faifan karramawa, da muryoyin su Amy Grant da Michael W. Smith. Mutuwa rigar kowa ce.

Bayan an tashi daga zaman makoki ne ake sanin maci tuwo, sa'ad da miya ta ƙare. A nan labarin ya komo kan Pierce Pettis. Mutumin jihar Alabama ne, an haife shi a 1954, mawaƙi mai yawo da jitarsa daga ƙaramin zaure zuwa wani. Bayan rasuwar abokinsa ya ɗaukar wa kansa alkawari: ba zai sake fitar da faifai nasa ba sai da waƙar Mark Heard a ciki. Ya fara da Chase the Buffalo a 1993, inda ya sa Nod Over Coffee, waƙar mutumin da aiki da gudun lokaci suka gajiyar har yana gyangyaɗi bisa kofinsa na safe. Ya maimaita a 1996, da 1998, da 2001, da 2004, da 2009, kowane karo da wata waƙa daban. Sau da yawa ma ita yake sawa a farkon faifan, wurin da kowane mawaƙi ke ajiye wa waƙar da ya fi ji da ita.

Wanda bai san sana'ar ba zai ga abin ƙarami ne. Amma faifai yakan ɗauki waƙa goma ko goma sha biyu, kuma mai tsara waƙa irin Pettis yana iya shekara uku ko biyar kafin ya sami damar yin guda. Kowane gurbi da ya ba wani, waƙarsa ce guda ta rasa wuri, kuma santin nan na haƙƙi gidan wani za su nufa. Ya yi hakan ba tare da wani kwamiti ko buki ko lambar yabo ba. Amfanin kuwa ya wuce na kuɗi. Faifan karramawa masoyan marigayi ne suka fi sayen sa, mutanen da dama sun san shi. Wanda ya sayi faifan Pettis kuwa domin Pettis ya saya, sai ya ci karo da wata waƙa, ya duba takarda, ya ga baƙon suna. A zauren wasa ma haka: mai rera waƙar wani yakan faɗi mai ita, daga nan labari ya tashi. Wannan shi ne riƙon maraya na gaskiya, a ɗauke shi a kai shi cikin gida, ya ci tare da ƴaƴan gida, a kuma ci gaba da kiran sa da sunan ubansa.

Buddy Miller ya bi wata hanya mai kama da wannan. Shi da matarsa ne suka rera Orphans of God a faifan 1994. Shekara goma bayan haka, ya riga ya yi suna a birnin Nashville a matsayin makaɗin jita na Emmylou Harris, sai ya buɗe faifansa Universal United House of Prayer na 2004 da wata waƙar Heard, Worry Too Much. Waƙar ta fito ne a 1991, shekarar yaƙin Tekun Fasha, tana maganar fargabar mutum a duniyar da ƙarfi da zalunci suka yi wa yawa. A 2004 sojojin Amurka na cikin Iraƙi, jama'a suka ji ta kamar jiya aka tsara ta. A 2005 ƙungiyar Americana Music Association, wadda ba ta addini ba ce, ta zaɓe ta waƙar shekara. Lambar waƙar shekara ta mai tsarawa ce, saboda haka sunan Mark Heard aka kira, shekara 13 bayan rasuwarsa, a gaban irin jama'ar da ya yi ta ƙoƙarin kaiwa gare su.

A 2017, da aka cika shekara 25, aka sake yin wani faifan karramawa, Treasure of the Broken Land, wanda Phil Madeira ya tsara. Akwai tsofaffin hannu irin su Buddy Miller da Rodney Crowell da ƙungiyar Over the Rhine, akwai kuma matasa waɗanda ko dai yara ne a 1992 ko ba a haife su ba. Waɗannan ba makoki ya kawo su ba, tunda ba su san mutumin ba balle su yi kewarsa. Waƙoƙin suka ji suka so. Da a ce an rufe zancen tun 1996, da wuya a sami mai tuna wa wani bayan shekara ashirin. Tsakanin kundin farko da na baya akwai littafin tarihin rayuwarsa da Matthew Dickerson ya wallafa a 2003, akwai lambar 2005, akwai kuma Pettis da ke fitowa lokaci-lokaci da waƙa guda a hannu. Su suka riƙe wutar har ta kai ga masu ɗauka.

Malamin makaranta da shugaban ƙungiyar raya al'adu sun san irin wannan rana. Wani gwani ya rasu, a kira taro, a yi jawabai, a raɗa wa wani zaure sunansa, wata ƙila a haɗa kaset ko faifai. Duk wannan daidai ne, kuma labarin Heard ya nuna yana da amfani: yana share wa iyali hawaye, yana tara waƙoƙin wuri guda, yana haɗa su da waɗanda watakila za su riƙe su. Abin da ya kamata a tambaya kafin a watse shi ne wa zai ɗauki wace. Ƙungiyar da ta yanke cewa duk wasan da za ta yi sai ta buɗe da waƙa guda ta marigayi, ta faɗi sunansa, ta kuma kai wa iyalinsa kasonsu komai ƙanƙantarsa, ta fi wadda ta kashe dukiya a dare guda. Malamin da ya rubuta baitocin, ya koya wa aji guda kowace shekara, cikin shekara goma ya zuba su cikin ɗaruruwan bakuna. In kuwa gwanin yana nan da ransa, yana fama da ciwo ko tsufa, to misalin Victoria Williams ya isa: ba dole sai an jira likkafani ba.

Bayan faifansa na 2009, Pierce Pettis ya yi shekara goma bai fitar da wani nasa shi kaɗai ba. A 2019 ya dawo da Father's Son. Ranar da suka hau dandamalin Bushnell, Heard ne babba, ya girme shi da shekara biyu da ƴan watanni. A 2019 Pettis ya haura 60, taron Cornerstone ya daɗe da tashi, shagunan da ke sayar da kaset da faifai sun rurrufe, jama'a sun koma sauraren waƙa ta intanet. Ba wanda zai zarge shi da ya ce shekara 27 sun isa. Alkawari kaya ne, in ji masu iya magana, kuma kyansa cikawa. Cikin jerin waƙoƙin sabon faifan akwai guda wadda, a gurbin mai tsarawa, aka rubuta Mark Heard.